Tarihin Baƙaƙe Masu Ƙugiya da Matsalar Zaɓen Zubin Haruffa a Ɗab'in Hausa

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa kai rubutun Hausa maɗaba'a ya san tambayar da akan fara yi masa, wato da wane irin zubin haruffa yake so a buga masa aikinsa. Galibi akan ɗauki wannan tambaya a matsayin maganar ado, kowa ya nuna abin da ya yi wa idonsa kyau. To amma idan abin da za a buga takardar faɗakarwa ce, kamar bayanin shan magani, ko sanarwar rigakafi, ko umurnin amfani da takin zamani, maganar ta wuce ado. Mai karatu zai yi aiki ne da abin da idonsa ya gani, marubucin kuwa ba ya kusa balle a tambaye shi abin da yake nufi.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin yadda aka yi ta fama da baƙaƙen Hausa masu ƙugiya a fagen ɗab'i, tun daga littattafan 'yan mishan na ƙarni na 19 har zuwa zamanin kwamfuta. Za a nuna cewa zaɓen ƙugiya da aka yi a cikin shekarun 1930 mataki ne na sauƙaƙa karatu, kuma duk lokacin da na'urar ɗab'i ta sauya, ƙugiyar ce take fara shiga haɗari. Daga nan za a fito da abin da wannan tarihi ke koya wa mai zaɓen zubin haruffa a yau.

A cikin maƙalar, "zubin haruffa" na nufin cikakken jerin haruffa da lambobi da alamomi waɗanda aka zana da kama ɗaya, kamar Times New Roman wanda aka ƙera wa jaridar The Times ta Landan a 1932. "Karantuwa" kuwa na nufin sauƙin da ido ke samu wajen rarrabe harafi daga ɗan'uwansa ba tare da dogon dubawa ba.

2.0 Nauyin da ke kan Ƙugiya

A daidaitacciyar Hausa akwai baƙaƙe uku da ake yi wa ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ. Biyu na farko haɗiyau ne, na ukun kuwa tunkuɗau. Na huɗunsu shi ne sautin da ake rubutawa da 'y a Nijeriya, a Jamhuriyar Nijar kuma da ƴ. Babu ɗaya daga cikin waɗannan sautuka a Ingilishi ko Faransanci ko Jamusanci, saboda haka ba su da gurbi a akwatunan haruffan da maɗaba'un Turai suka gada.

Ƙugiya aba ce ƙarama a ido, amma ita kaɗai ce ta raba kalmomi irin waɗannan:

bari / ɓari
daka / ɗaka
kafa / ƙafa
kashi / ƙashi
kwari / ƙwari

Abin da ya ƙara wa al'amarin nauyi shi ne, ƙa'idojin rubutun Hausa na yau da kullum ba su nuna karin sauti ko tsawon wasali. Wato tun asali an riga an bar wa mai karatu aikin gane waɗannan abubuwa biyu daga muhallin jimla. Kalmar "baƙi" ita kaɗai tana iya nufin launi, ko jam'in baƙo, ko harafi. Idan ƙugiyar ta faɗi, sai ta haɗe da "baki" na cin abinci, sura ɗaya ta ɗauki ma'ana huɗu ke nan. Gwanin karatu yakan tsallake irin wannan rami bai ma lura ba. Amma takardun faɗakarwa, akasarin waɗanda ake yi dominsu su ne masu bin kalma harafi bayan harafi, irin ɗaliban ajin manya da waɗanda suka bar makaranta da wuri, da kuma waɗanda Hausa ba harshensu na farko ba ne.

3.0 Daga Alƙalami zuwa Dalma

Kafin zuwan boko, idon Bahaushe mai karatu ya saba da rubutun Magariba, wanda ake rubuta Alƙur'ani da shi bisa ruwayar Warshu. A wannan rubutu ana yi wa fa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama, saɓanin yadda ake yi a ƙasashen Gabas. Malaman ajami sun sami sauƙi wajen raba k da ƙ, domin Larabci ya ba su kaf lasan da ƙaf wau, sun kuma ari harafin ɗa domin sautin ɗ. Sautin ɓ ne bai sami harafin kansa ba a yawancin rubuce-rubuce, sai aka riƙa rubuta shi da ba. Wani abin lura kuma shi ne, ko bayan da injin ɗab'i ya samu, littattafan addini da suka fi karɓuwa a kasuwannin Kano da Zariya su ne waɗanda aka rubuta da hannu sa'an nan aka ɗauki hotonsu aka buga, domin wannan hannun ne almajiri ya koya a allo. Wannan ya nuna tun da wuri cewa sabo yana cikin ginshiƙan karantuwa.

Rubutun Hausa da haruffan Romawa ya fara kankama ne ta hannun J.F. Schön, ɗan mishan Bajamushe wanda ya shiga tafiyar binciken kogin Kwara ta 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther. Ya wallafa jerin kalmomin Hausa a 1843, da nahawu a 1862, da ƙamus a 1876, da kuma Magana Hausa a 1885. Schön da takwarorinsa sun sami jagora daga tsarin da Richard Lepsius ya fitar a 1855, wanda ya dogara ga ɗora ɗigo da sauran alamomi a sama ko a ƙarƙashin haruffan Romawa domin sautukan da Turai ba ta da su. Sai dai Schön bai rarrabe haɗiyau da tunkuɗau daga takwarorinsu yadda ya kamata ba, saboda haka a wannan mataki matsalar ta kunne ce tukuna, ba ta kai ga maɗaba'a ba. C.H. Robinson, wanda ya buga hotunan rubutun ajami tare da juyarsu zuwa boko a Kambirij a 1896, ya ga yadda malamai suke raba waɗansu daga cikin sautukan, amma tsayayyar ƙa'ida ba ta samu ba sai bayan kafuwar mulkin Ingilishi a Arewa.

4.0 Waƙafi, Ɗigo da Ƙugiya: 1912 zuwa 1939

Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909, kuma a 1912 ya wallafa ƙa'idojin rubutun Hausa mai suna Rules for Hausa Spelling. Daga wannan lokaci zuwa tsakiyar shekarun 1930, masu rubutu sun amince cewa dole a nuna waɗannan sautuka, abin da ya rage shi ne yadda za a nuna su da haruffan da ke hannu. An gwada dabaru biyu. Ta farko ita ce jingina wa harafi waƙafin sama, ta biyu kuwa sanya masa ɗigo a ƙarƙashi. Hatta babban ƙamusun G.P. Bargery na 1934, wanda ya rarrabe sautukan sarai, ba da ƙugiya ya nuna su ba.

Kowace dabara tana da aibinta a maɗaba'a. Waƙafin sama ba ya bukatar sabon harafi, wannan ne ribarsa. Amma yana yanka kalma gida biyu, yana tsawaita layi, sa'an nan yana cin karo da alhamzar da ke cikin kalmomi irin "sa'a" da "ma'ana", da kuma 'y. Kalma irin "ɓaɓɓake" sai ta ɗauki waƙafi uku. Ɗigon ƙasa ya fi kyan gani, amma shi ne mafi rauni a jikin harafin dalma. Yakan karye, tawada takan kasa kama shi, jan layi a ƙarƙashin kalma yakan haɗiye shi, kuma a kan takarda mai araha ƙurar da ta maƙale a inji ma takan fito kamar ɗigo a inda ba a sa ba.

Mafita ta zo daga Cibiyar Ƙasa da Ƙasa ta Harsuna da Al'adun Afirka, wadda aka kafa a Landan a 1926. Lugard ne shugaban majalisarta, Vischer na cikin manyan jami'anta, masanin harsuna Diedrich Westermann kuma na cikin daraktocinta. A 1927 cibiyar ta fitar da Practical Orthography of African Languages, aka sake bugawa da gyara a 1930. Ginshiƙin shawararta shi ne a guji alamomin da ke rataye a wajen harafi, a ƙera sabon harafi cikakke ga kowane sauti, domin abin da ke manne da jikin harafi ba ya faɗuwa shi kaɗai, kuma mai rubutu da hannu ba sai ya ɗaga alƙalami ya dawo ba.

A Arewacin Nijeriya, aikin ya faɗa hannun Hukumar Fassara, wadda ta zauna a Zariya a ƙarƙashin R.M. East, daga baya ta zama Hukumar Talifi. Ita ce ta shirya gasar 1933 wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Kafin ƙarshen shekarun 1930 hukumar ta tsayar da shawara a kan ƙugiya. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a watan Janairu na 1939 Abubakar Imam yana editanta, da littattafan makaranta da suka biyo baya, su ne suka saba wa idon jama'a da sabuwar surar. Da aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, sa'an nan hukumar NORLA ta yi aiki daga 1954 zuwa 1959 tana buga littattafan Yaƙi da Jahilci da jaridun larduna irin su Zaruma da Himma da Sodangi da Bazazzaga, sai ƙugiya ta zama abin da ɗalibin ajin manya ya buɗe ido da shi. Hukumar Harshen Hausa da aka kafa a 1955 ta tarar da ita ta zauna da gindinta.

5.0 Kwatanci da Yarbanci da Igbo

Yana da amfani a tambaya dalilin da ya sa shawarar cibiyar Landan ta karɓu a Hausa ba tare da doguwar jayayya ba, alhali a Kudu al'amarin ya sha bamban. Yarbanci ya daɗe a maɗaba'a kafin 1927. Jaridar Iwe Irohin ta fara fitowa a Abeokuta tun 1859, kuma taron da 'yan mishan suka yi a Legas a 1875 ya tabbatar da tsarin da ke amfani da alamar ƙarƙashi a ẹ da ọ da ṣ. Masu karatu sun yi yawa, littattafai sun taru, saboda haka ba a ga dalilin sauyawa ba. A ƙasar Igbo kuwa, bayan ziyarar Westermann ta 1929, an shigo da sabon tsari mai sababbin haruffa. Waɗansu majami'u suka karɓa, waɗansu suka riƙe tsohon, aka yi ta ja-in-ja fiye da shekara 30, har sai da kwamitin Ọnwụ ya raba gardama a 1961 da tsarin da ke amfani da ɗigon ƙasa a ị da ọ da ụ.

Abin da ya bambanta Hausa shi ne, a shekarun 1930 masu karatun boko kaɗan ne, kuma akasarin abin da ake bugawa na makaranta da na gwamnati yana bi ta hannun hukuma ɗaya. Da ta yanke shawara, sai littafin makaranta da jarida suka tafi tare. Sakamakon haka shi ne, manyan harsunan Nijeriya uku suka rabu gida biyu: Hausa a kan ƙugiya, Yarbanci da Igbo a kan ɗigo. Duk maɗaba'ar da ke son buga sanarwa ɗaya cikin harsunan uku sai ta tanadi zubin da ya ƙunshi duka biyun, kuma wannan bukata tana nan har yau. A ƙetaren iyaka ma, taron masana da UNESCO ta kira a Bamako a 1966, da taron daidaita rubutun Hausa da aka yi a Yamai a 1980, duk sun bar ɓ da ɗ da ƙ a mazauninsu.

6.0 Tsadar Mazubi da Ƙarancin Tafireta

Amincewa da harafi daban, samunsa a maɗaba'a daban. A zamanin dalma, injunan zuba haruffa irin su Linotype da Monotype suna bukatar mazubi na musamman ga kowane harafi, kuma kowane girma da kowane salo da nasa mazubin. Baƙaƙe uku, manya da ƙanana, sun zama shida. Idan ana son su a miƙe da masu kauri da na gicciye, a girma huɗu kawai, ana bukatar mazubai 72, duk kuma sai an yi odarsu daga Turai. Babbar maɗaba'a tana iya ɗaukar wannan nauyi, ƙaramar maɗaba'ar kasuwa kuwa ba ta iyawa. Wannan ne ya sa akan ga ƙugiya a cikin labari amma a rasa ta a kanun da aka buga da manyan haruffa.

Tafireta ta ƙara dagula lissafi. Wadda ake sayarwa a kasuwa an ƙera ta ne domin Ingilishi, maɓallanta ba su wuce arba'in da 'yan kai ba, babu kuma gurbin ƙugiya a cikinsu. Akawu mai kula yakan gama bugawa sa'an nan ya bi da biro yana lanƙwasa kan kowane b da d da k da ya dace. Wanda ba shi da lokaci sai ya bari. Waɗanda suka yi makaranta a zamanin injin gurza takardu za su tuna takardun jarrabawar Hausa da ƙugiyoyinsu na hannu, wata ta fito, wata ta ɓace a wajen gurzawa. Da littattafan adabin kasuwar Kano suka bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, da yawansu sun fito ba ƙugiya, har masu karatu suka fara ɗaukar rashinta a matsayin abin da ba ya da laifi.

An yi yunƙurin magance wannan a matakin ƙasa. Cibiyar Harsuna ta Ƙasa ta ɗauki shawarar da Farfesa Kay Williamson ta gabatar a 1981, aka tsara jerin haruffa 33 da za su wadatar da harsunan Nijeriya masu yawa. A tsakiyar shekarun 1980 Victor Manfredi da Edward Oguejofor suka yi aikin zana zubin, tare da taimakon shahararren mai zanen haruffa na Jamus, Hermann Zapf. Wannan zubi ya haɗa ƙugiyar Hausa da ɗigon Yarbanci da Igbo a wuri ɗaya. Sai dai ya zo a daidai lokacin da tafireta da dalma suke gab da ba kwamfuta wuri.

7.0 Zamanin Kwamfuta

Kwamfutocin farko sun gaji tsarin ASCII na Amurka, mai gurabe 128 kacal, waɗanda haruffan Ingilishi da lambobi da alamomi suka cinye. Masu kishin Hausa sai suka nemi dabara. A cikin shekarun 1990 aka ƙirƙiro zubi na musamman, kamar Rabi'at na Farfesa Abdalla Uba Adamu, inda ake aron gurbin wata alama da Hausa ba ta cika bukata ba a zana baƙi mai ƙugiya a ciki. Waɗansu zubin sun ari gurbin q da x da v, waɗansu kuma gurbin alamomin baka. Wannan dabara ta yi wa sassan Hausa na jami'o'i da kamfanonin ɗab'i amfani ƙwarai, domin da ita aka buga kundaye da littattafai masu yawa. Rauninta shi ne, ƙugiyar tana zaune ne a cikin zubin kawai. Da zarar an buɗe rubutun a kwamfutar da ba ta da wannan zubi, sai "ƙasa" ta koma "qasa", "ɗaya" ta koma "xaya". Har yanzu akan ci karo da kundayen digiri da ke cikin wannan hali.

Tabbatacciyar mafita ita ce tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Duk baƙaƙen Hausa masu ƙugiya suna ciki, manya da ƙanana. Amma akwai wani abu a tsarin da ya kamata mai zaɓen zubi ya sani. An ajiye ƙananan ɓ da ɗ a rukunin alamomin nazarin furuci, manyan Ɓ da Ɗ da kuma Ƙ da ƙ a wani rukuni daban. Mai zanen zubi yana iya cika rukuni ɗaya ya bar ɗaya, ko ya bar su duka, kamar yadda yawancin zubin ado suka yi. Idan kwamfuta ta nemi harafi ba ta samu ba, sai ta aro shi daga wani zubi, ko ta nuna ɗan akwati a gurbinsa. Wannan ne dalilin da ya sa akan ga fasta mai kyau amma ƙ ɗin cikinta ya fi sauran haruffa siranta ko tsawo, kamar baƙo a cikin sahu.

Daga farkon shekarun 2000 aka sami zubi na kyauta waɗanda aka zana da harsunan Afirka a zuci. Akwai Gentium na Victor Gaultney, da Charis SIL, da Andika wanda aka yi musamman domin masu koyon karatu, dukkansu daga ƙungiyar SIL, sa'an nan da jerin Noto na kamfanin Google. Ajami ma bai rasa rabo ba, domin zubin Alkalami an zana shi ne bisa hannun marubutan Kano. Haka kuma wayoyin hannu suna da allon rubutu na Hausa. Ke nan uzurin rashin kayan aiki, wanda yake karɓaɓɓe a zamanin dalma da tafireta, ya kau.

Duk da haka matsalar ba ta ƙare ba. A garin da marubucin wannan maƙala yake koyarwa, wanda ke nesa da ƙasar Hausa, akan buga takardun faɗakarwa domin mazauna unguwannin Hausawa, kuma masu jera rubutun a shagunan ɗab'i ba su jin harshen. Marubucin ya taɓa ganin wata takardar kiwon lafiya da ke gargaɗin tsofaffi game da "ciwon kashi". Mai fassarar ya rubuta daidai, amma da aka sauya zubi domin a ƙawata shafin sai ƙugiyoyin suka fito akwati-akwati, mai shagon kuwa ya share su ya mayar da k, yana ganin gyara ya yi.

8.0 Abin Lura ga Mai Zaɓen Zubi

Nazarin karantuwa ya daɗe a Turai da Amurka. Miles Tinker na Jami'ar Minnesota ya tattara sakamakon gwaje-gwajensa na shekaru a littafin Legibility of Print a 1963. Daga cikin abin da ya gano akwai cewa zubin da aka saba amfani da su a littattafai ba su da babban bambanci wajen saurin karatu, amma rubutu da manyan haruffa zalla yana rage sauri, haka ma ƙanƙantar harafi da tsawon layi fiye da kima. Akwai kuma misalin Bell Centennial, wanda Matthew Carter ya zana domin littattafan lambobin tarho na Amurka a 1978, inda ya yi wa haruffa 'yan tsaguna a magamarsu domin tawada ta sami wurin malala a kan takarda mai araha. Darasin shi ne a zaɓi zubi bisa irin takardar da za a buga da irin idon da zai karanta. Waɗannan nazarce-nazarce an yi su ne a kan Ingilishi, saboda haka Hausa tana bukatar ƙarin sharuɗɗa kamar haka:

(i) A fara da tabbatar da cewa zubin ya ƙunshi ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, a miƙe da masu kauri da na gicciye. Idan aikin zai shiga Nijar, a duba ƴ. Idan za a haɗa da Yarbanci ko Igbo, a duba ɗigon ƙasa da alamomin karin sauti.

(ii) A duba tsawon wuyan harafi. Masu ba da shawara a Ingilishi sukan fifita zubin da cikin haruffansa ke da girma, wuyan b da d da k kuma gajere. A Hausa wannan shawara tana da iyaka, domin a kan wuyan ne ƙugiya take zaune. Idan wuya ya gajarce, ƙugiyar ɓ takan rufto kan cikin harafin har ya yi kama da lambar 6, ta ɗ kuma takan taɓa ɗigon i a kalma irin "ɗinki".

(iii) A guji zubi matsattse da wanda layukansa suka sirance ƙwarai, domin bakin ƙugiya shi ne wurin da ya fi siranta, shi ne kuma yake fara ɓacewa idan aka yi hoton takarda sau biyu ko uku.

(iv) A taƙaita manyan haruffa zalla. Ban da abin da Tinker ya gano, ƙugiyar Ɓ da Ɗ tana gefen hagu ne, ta Ƙ kuma a kan reshen dama, kuma masu zane ba su yi ittifaƙi a kan surarsu kamar yadda suka yi a kan ƙananan ba.

(v) A tabbatar lambar 1 ta bambanta da ƙaramin l da babban I, sifiri kuma ya bambanta da O, musamman inda ake faɗin adadin ƙwayar magani ko kwanan wata.

(vi) A gwada kafin a buga da yawa. A fitar da shafi ɗaya a kan ainihin takardar da za a yi amfani da ita, a ba wanda karatunsa bai yi zurfi ba ya karanta da ƙarfi, a lura da inda ya tsaya. Bayan an gama tsara shafi kuma, wanda ya san Hausa ya sake dubawa, domin a wannan mataki ne ƙugiya ta fi salwanta.

9.0 Kammalawa

Maƙalar ta bi tarihin baƙaƙen Hausa masu ƙugiya daga rubuce-rubucen Schön, ta ratsa gwajin waƙafi da ɗigo, zuwa tsayar da ƙugiya a Zariya a shekarun 1930, sa'an nan ta nuna yadda tsadar mazubi da ƙarancin tafireta da tsarin kwamfutocin farko suka yi ta barazana gare ta. An kuma nuna cewa tun daga 1991 aka buɗe hanyar warware matsalar, kuma zubin da suka dace sun samu kyauta. Abin da ya rage na horo ne da kulawa. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya na jami'o'i su sa wannan batu cikin darussan fassara da aikin edita, su kuma juya tsofaffin kundayen da aka buga da zubin aro zuwa Unicode tun ana iya gane su. Hukumomin da ke ba da kwangilar buga takardun faɗakarwa su ma ya dace su ambaci zubin da suke so a cikin sharuɗɗan aiki. Akwai kuma bukatar manazarta su auna, ta hanyar gwaji da masu karatun Hausa, irin tasirin da faɗuwar ƙugiya ke yi ga saurin karatu da fahimta, domin a sami hujjar da za a riƙa gabatar wa maɗaba'u da hukumomi.